Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Ba ta zo ba jiya.

Tuwon da na ajiye mata yana nan a rufe, na ɗumama shi yanzu na kasa ci. Shekara uku ke nan ɗiyata tana aikin ungozoma a wani ɗakin shan magani bayan Damri. Kowace Litinin ta tafi, Juma'a kafin la'asar ta dawo Mafara, ko ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wayarta a kashe. Na ce caji ne, ƙauyen ba wuta. Na gaya wa kaina haka ya fi sau goma.

Littafin nan ba na irin wannan magana ba ne. Marigayi babanta ne ya kafa shi: kowace safiya, bayan mun yi sujada, a rubuta abu guda da za a yabi Allah dominsa. Ba roƙo, ba ƙorafi, yabo zalla. Yakan ce roƙo ko akuya ta iya in ta ji yunwa. Tsofaffin littattafan sun cika kwali a ƙarƙashin gado. Ranakun aiki ni ke rubutawa da karkataccen hannuna, Asabar da Lahadi ita. Yau layinta ne. Na bar mata shi fari, na sauko ƙasa.

Yabon yau: an yi ruwa, gero ya yi kyau.

Asabar, da magariba

Mamuda ya shigo, mijin maƙwabciyata Tabawa. Mahauci ne, yana bin kasuwanni sayen dabbobi, ba labarin hanya da ke wuce shi. Ya tsaya a zaure ya ja gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya injin markaɗe, ya jama'ar coci. Tun daga tsawon gaisuwar na san da magana. Ya ce an ga wata mota tsakanin Damri da Bakura, ƙofofinta huɗu a buɗe, takalma a zube a bakin hanya.

Bai ƙara ba, ban tambaya ba. Duk wanda ke ƙasar nan ya san sauran.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan an tashi coci

Mu ba mu kai arba'in ba a majami'armu, don haka wurin zamanta a layin mawaƙa ya yi ta kallona. Fasto ya faɗi sunanta a gaban jama'a, aka yi addu'a, aka yi waƙa. Na motsa baki don kada a ce Marka ta yi shiru.

Yabon yau: rufin majami'a bai yi yoyo ba.

Litinin, 12 ga Agusta, la'asar

Mun je Bakura ni da Tabawa, ofishin da ake rubuta sunayen waɗanda ba su iso gida ba. Layi har waje. Da aka zo kaina jami'in ya ce, sunan wadda ake nema? Na yi shiru. Ya sake tambaya. Tabawa ta matso ta faɗa masa.

Ya ce, "Ba komai Hajiya, aikinmu ne. Sunan nake tambaya."

Ta sake faɗa. Ya ce to ya ji godiyar, sunan fa? Sai da Tabawa ta buga masa tebur: "Sunan ɗiyar ke nan, malam! Haka ubanta ya raɗa mata!" Mutanen layi suka yi dariya. Ni ma na kusa yi, Allah ya gafarta mini.

Bari in rubuta wannan sau ɗaya, ko wani zai karanta bayan raina. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai gare ni. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Uwata ba ta kira na yayana ba har ta koma ga Allah, uwarta ma haka. Ko a takarda ban taɓa rubuta shi a haɗe ba. A ɗauki "gode", a sa masa "na" a gaba, shi ke nan sunan.

Shekara takwas na yi da aure ban haihu ba. Ranar da aka ce wa marigayi an sauka lafiya, abin da ya fara fitowa bakinsa ke nan, ya kuma kafe shi ne sunanta. Na ce masa ka ɗaure ni fa, da wane baki zan riƙa yi wa mutane godiya? Ya yi ta dariya. Yau shekara ashirin da shida ina kewaye kalmar nan kamar mai kewaye kududdufi. Madalla, an gode, godiya nake, sannu da ƙoƙari. Har a addu'a sai dai in ce, Ubangiji, madalla. Wani fasto da aka yi a nan da can ya taɓa ce mini wannan al'adar mutanen da ce, ba ta da wuri a gidan mai bi. Na ce masa kakannina tsafi suka bari, ba su ce sun bar kunya ba.

Ita kuwa yarinyar, abin wasa ta mai da shi. Takan kawo mini ruwa ta durƙusa ta ƙi sakin kofin. "Inna, in an ba mutum ruwa me yake cewa?" In ce madalla. Ta ce wata rana sai na faɗa, ko da kuskure. In ce tashi ki ba ni wuri, marar kunya.

Yabon yau: an rubuta sunan daidai.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Wayoyin mutane sun fara ƙara. An kira dangin direban, an kira mijin wata Husna a Bakura da ke cikin motar. Kowa na kuka da abin da aka ce ya kawo. Ni kuwa hassadar kukansu nake yi, ban ɓoye ba. Tawa wayar na ɗaure ta a bakin zane, ina markaɗe ina taɓa ta, ina kashe inji kowane minti don kada ƙara ta rufe ta.

Shiru.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe shida

Yabon yau: caji bai ƙare ba.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe shida

Layinta kuma. Uku ke nan farare. Na buɗe baya in ga abin da ta rubuta na ƙarshe, ranar Lahadi kafin ta tafi: "Yabo ga Allah da ya yi wa Innata baki, ko sauro ba ya iya mata gardama." Na tuna na dungure mata kai a kan wannan.

Ban rubuta yabo ba yau. Babanta ba ya nan balle ya tambaye ni.

Talata, 20 ga Agusta, azahar

Ranar kasuwa, mata sun cika gidan da wake da tattasai. Tun ranar da abin ya faru duk wadda ta shigo, in ta gama gaisuwa, sai ta ce, Allah ya bayyana. In ce amin. Wannan addu'ar wanda ake sa ran gani ce, ko akuya ta ɓata haka ake cewa.

Yau wata ta ajiye robarta ta ce, "Marka, ya haƙuri?"

Na kashe inji. Na ce wa ya mutu? Ta hau inda-inda, wai ba haka take nufi ba. Na ce kin ga gawa ne? Kin je jana'iza? Na miƙa mata wakenta yadda ta kawo shi na ce ta kai gaba. Tabawa ta leƙo ta katanga tana ba ni haƙuri, na ce ita ma kada ta kuskura ta kawo mini kalmar nan gidana.

Bayan sun watse na zauna kusa da injin. Matar ba muguwa ba ce. Abin da ake faɗa a gari ne ya suɓuce mata.

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe shida

Yabon yau: ban sani ba. Rana ta fito, in wannan abin yabo ne.

Juma'a, 23 ga Agusta, la'asar

Sati biyu.

Matan zumunta sun zo mini da addu'a, su shida, da kwanon dambu. Sun yi waƙa, Fasto ya yi magana a kan cewa mai bi yana yabon Ubangiji cikin daɗi da cikin wuya, gama yabo ba ladan abin da aka ba mu ba ne. Na sani. Ni na koya wa rabinsu wannan. Mai ɗaki dai shi ya san inda ke masa yoyo.

Da za su tafi uwar zumunta ta ja ni gefe. Ta ce ba don ta ɓata mini rai ba, amma in duba: Allah ya ba ni kyauta bayan shekara takwas, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa buɗe baki na gaya masa kalmar nan ba. Wai ko shi ne yake jira. Na ce mata ashe Allahn da muke bi mai riƙe 'ya'yan mutane ne sai an yi masa godiya da kalmar da yake so? To me ya raba shi da na cikin daji? Ta rufe baki da hannu ta fita. Na san gobe duk coci ta ji.

Na mayar mata da magana, amma tata ta zauna.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Na rufe ƙofa, na durƙusa a bakin gado, na ce bari in gwada. Ba kowa, daga ni sai Ubangiji. Na ce "na". Sai na ji kamar uwata na tsaye a bayana tana kallon ƙeyata. Harshen ya ƙi. Na yi ta "na, na" kamar jaririya, daga ƙarshe na ce madalla na tashi.

Tsohuwar banza. Ɗiyarki na daji kina kunya.

Lahadi, 25 ga Agusta

Ban je coci ba.

Talata, 27 ga Agusta, da magariba

An sako mutum biyar. Mamuda ya kai ni Bakura a kan mashin ɗinsa, gidan Husna. Na same ta a kan tabarma, ƙafafu a kumbure, da jariri a cinya. A can ta haife shi, ƙarƙashin itace, ɗiyata ce ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi da abin da Allah ya hore. Da ta ji ko ni wace ce sai ta kama hannuna ta ƙi saki.

Ta ce kullum gari ya waye Malama, haka suke ce wa ɗiyata, takan zauna ta faɗi abu guda da ƙarfi, ta ce yabo ga Allah domin kaza. Yau inuwar itace, gobe ruwan sama da suka tara a ganye, jibi kukan jariri. Da farko sun ɗauka taɓin hankali ne. Daga baya suka saba, har in ta yi jinkiri su ce, Malama, yau mi za a yaba? Ta gaya musu innarta na can gida tana rubuta nata, ba za ta bari a riga ta ba.

Na tambayi abin da ke cina: me ya sa ba a kira ni ba? Husna ta sunkuyar da kai. Ta ce da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana karɓar lambar dangi, ita cewa ta yi marainiya ce, ba ta da kowa a duniya. An matsa mata, an yi mata abin da Husna ba ta faɗa ba, ba ta sauya magana ba. Daga baya ta raɗa wa Husna cewa in ta ba da lambar, Inna za ta sayar da inji da gida ta koma bara, kuma ba lalle hakan ya isa ba.

Wa ya aike ta? Wa ya ce mata ina son inji? Injin banza mai cin mai kamar jaki!

Ta ce zazzaɓi ya kama ɗiyata, kuma rabin abincinta Husna take ba saboda nono. Ta rame ƙwarai. Kwana huɗu da suka wuce aka raba su, aka yi da ita da wasu wajen dajin Maradun. Da zan tashi Husna ta ce, "Ta ce ke ba ki taɓa kiran sunanta ba. Da dariya ta faɗa, Inna. Ta ce amma in ta yi ciwon kai ke ba ki cin abinci."

Tana da rai kwana huɗu da suka wuce. Wannan ne yabon yau.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe shida

Ita tana daji a kan ƙasa tana yabo. Ni ina kan katifa na bar shafi huɗu farare. Na koma na cike su, ƙarya kawai na zuba: masara, lafiyar ido, kazar da ta ƙyanƙyashe. Ubangiji ya san ƙarya ce, ni ma na sani.

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe shida

Yabon yau: (na jira har ƙarfe bakwai, bai zo ba)

Litinin, 2 ga Satumba, da magariba

Da sassafe Mamuda ya buga ƙofa. An fito da mutane da yawa daga daji, an kai su wani asibiti a Maradun. Ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Muka shiga mota ni da Tabawa, sai Maradun.

A bakin ƙofa akwai mai rajista da takardu biyu, ɗaya ta waɗanda aka kawo, ɗaya ta waɗanda ake nema. Tabawa ta faɗi sunan, wannan karon ta yi bayani tun kafin a yi mata ba komai. Ya rubuta a ta nema, ya bi ɗaya takardar da yatsa har ƙasa, ya ce babu. Amma akwai waɗanda ba a san sunansu ba, a shiga a duba, mutum ɗaya daga kowane gida.

Tabawa ta riƙe mini kafaɗa. Ta ce, "Marka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin shiga ki kira ta. Kin jiya?" Na ce na ji.

A ɗakin mata wani ma'aikaci ne, Bello, mai haƙuri, idonsa ja don gajiya. Ya ce Mama, kira sunanta da ƙarfi, wasu ba sa iya ɗaga kai, wasu kamanninsu sun sauya. Ɗakin ya cika, gado da ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa, dangin mutane na ta kiran nasu, wannan Zahra, wancan Amira. Na buɗe baki.

Na ce, "Ke! Ke yarinyar nan!"

Mata huɗu suka ɗago. Ba ita.

Na ce ai ba sai na kira ba, ɗiyar da na haifa ko a duhu na san ta. Na bi su ɗaya ɗaya ina duba fuska. A can ƙurya akwai wata a kwance ta juya wa ɗaki baya, an aske mata kai, an lulluɓe ta har wuya, ba ta fi yarinya 'yar shekara goma sha biyu girma ba. Na tsaya na dubi ƙeyarta. Na ce a raina tawa doguwa ce, mai jiki, gashinta har kafaɗa. Bello ya ce wannan ba ta san inda take ba, ba ta da magana sai godiya. Na ce Allah ya ba ta lafiya, na wuce.

Da na fito Tabawa ta ce, kin kira? Na ce ba ta ciki. Ta sake cewa, kin kira? Na ce na ce miki ba ta ciki.

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe shida

Ƙeyar nan. Akwai wani ɗan lotsawa a bayan kunne.

A'a. Mutane nawa ke da irinsa.

Yabon yau: waɗanda suka ga nasu.

Laraba, 4 ga Satumba, la'asar

Bello ya kira wayar Mamuda, lambar da muka bari a rajista. Mamuda bai shigo da kansa ba, Tabawa ya turo. Ta shigo ba gaisuwa. Tunda nake da ita shekara talatin ban taɓa ganin ta shigo ba gaisuwa ba.

Matar ƙurya ta cika yau da hantsi. Bello ya je rubuta ta a cikin marasa suna, idonsa ya faɗa kan takardar waɗanda ake nema, ya ga abin da Tabawa ta sa aka rubuta. Nan take ya gane. Tun ranar da aka kawo ta, duk wanda ya tambaye ta, baiwar Allah mene ne sunanki, abu ɗaya take faɗa. Su ce ba komai, sunanki muke tambaya. Ta sake faɗa. Har suka riƙa ce mata mai godiya.

Kwana uku tana gaya musu sunanta.

Alhamis, 5 ga Satumba, da magariba

Mun je da motar da Fasto ya samo, shi da uwar zumunta da mata biyu da Tabawa da Mamuda. Duk hanya ina cewa ba ita ba ce. Masu irin sunan nan suna da yawa a ƙauyuka.

Bello ya kai mu wani ɗan ɗaki a baya. Ya ce in ba zan iya duba fuska ba akwai wata alama? Na ce a buɗe mini ƙafar hagu. Tana 'yar shekara tara bel ɗin inji ya fizge ta a idon sawu, ya bar tabo kamar lauje. Ranar nan ni na goya ta a guje har asibiti, amma da muka dawo uwata na zaune, sai na sauke ta na ce ta yi wa kakarta kuka.

Aka ɗaga zanen.

Ban san lokacin da ya fito ba. Ban shirya ba, ban nemi izinin kowa ba. Na ji dai murya ta cika ɗakin, ashe tawa ce. Na kama ƙafar nan na yi ta kira, na yi ta kira, yadda ake kiran yaro in ya yi nisa da gida magariba ta yi. Na kira na shekara ashirin da shida. Ina jira ta ce na'am, ta ce Inna kin faɗa.

Da na ɗago, Fasto na kuka. Ya ɗaga hannu sama ya ce tunda yake aikin Ubangiji bai taɓa ganin bangaskiya irin wannan ba, uwa ta ga gawar ɗiyarta tilo, abin da ya fara fitowa bakinta godiya ga Allah. Uwar zumunta ta rungume ni tana cewa na yi nasara, na yi nasara. Sun san sunan sarai, su suka yi mata baftisma. Amma sun san Marka ba ta kiransa, don haka a kunnensu ba zai zama kira ba.

Bello ya juya ya fuskanci bango. Tabawa ta cire mayafinta ta rufe ƙafar.

Mun sa ta kusa da babanta kafin rana ta faɗi. An yi yayyafi.

Juma'a, 6 ga Satumba, azahar

Gidan ya cika. Ya haƙuri, ya haƙuri, ya haƙuri. Matar da na kora da wakenta ta zo, ta durƙusa nesa tana tsoro. Na ce matso, yau ranar gaisuwarki ce.

Da aka rage na tambayi Tabawa abin da ba zan iya tambayar kowa ba. Na ce ranar Litinin, da na kira, za ta juyo? Ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Ta ce, "Kwana ya ƙare, Marka. Ko kin kira, ko ba ki kira ba." Na ce ba tambayata ke nan ba. Na ce za ta ji?

Ta ce ba ta sani ba. Ita kaɗai ce ba ta yi mini ƙarya ba a satin nan.

Taku uku ne tsakanina da ɗiyata a ƙuryar nan. Na ce mata Allah ya ba ta lafiya, kamar ɗiyar wani.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan an tashi coci

Fasto ya yi wa'azi a kaina. Ya ce duk wanda yabo ya yi masa nauyi da safe ya tuna da Mama Marka a Maradun. Mutane na juyowa suna kallona, wasu na share hawaye. Na so in miƙe in ce ƙarya ne, ban gode ba, ko kusa, ɗiyata nake kira, kuma na makara da kwana uku. Na dubi fuskokinsu, mutum talatin da 'yan kai, kowa da wanda ke bin hanyar nan gobe Litinin. Na zauna.

Layinta ne yau.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe shida na safe

Na tashi, na yi sujada ni kaɗai, na ɗauko littafin. Na duba ko'ina cikin gidan nan da cikin raina in samo abu guda, yadda babanta ya ce. Gero na nan, rana na nan. Ba na jin komai game da su.

Ubangiji, ba zan yi maka irin ta coci ba, kai ka san abin da ke ciki. Ban huce ba, ban kuma san ranar da zan huce ba. Kalma ɗaya ce ta rage a bakina, tun Alhamis ba ta bar ni ba, ina shara ina faɗa, ina wanke kofinta ina faɗa. Zan rubuta ta yau a haɗe, gobe ma, har littafin ya cika. Ɗiyata nake kira. In ka ji kamar da kai nake, ka riƙe, ba ni da wani.

Yabon yau: Nagode.